Bahaguwa Ta Rasu a Hannun Masu Karatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da ya gaji da haɗiye magana, nake sanar da 'yan'uwa, da maƙwabta, da waɗanda suka rage cikin abokan aikin marigayi maigidana, da duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi ya bi ta da kallo, rasuwar motarmu Bahaguwa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a garejin gidanmu, a kan idona, bayan jinyar wata huɗu da gyaran rabin awa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Maƙwabciyata, tsohuwar nas, ita ke rubuta mini wannan takarda, don ni ban yi makaranta ba. Da muka zo nan ta ɗaga alƙalami ta ce ba a yi wa ƙarfe wannan addu'a. Na ce duk asarar da ta sami bawa ana yi mata, ta rubuta kawai. Ta kuma so ta sa "bayan gajeriyar rashin lafiya", yadda aka saba. Na hana. Ba ciwo ne ya kashe Bahaguwa ba. Kashe ta aka yi, kuma masu karatu ne suka kashe ta. Inda kuka ji magana ta yi kaushi, tawa ce, kada wanda ya ga laifin nas.

Marigayiya ta haura shekara sittin a duniya, arba'in da ɗaya daga ciki a gidan nan ta yi su. Ja ce, gajera, mai dogon hanci, cikinta dab da ƙasa, in za ka shiga sai ka durƙusa kamar mai gaida surukai. Rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi baya. Kujerunta biyu rak. Baban yara makanike ne. A bayan wani gida ya tsince ta, kaji na ƙwai a cikinta, ya sa igiya ya jawo ta, ya shekara biyu yana tada ta ƙusa bayan ƙusa. Dangina suka ce mai 'ya'ya biyar da ya kawo mota mai kujera biyu sai a bincika kansa. Ya ce musu, "Ɗaya tawa, ɗaya ta uwarsu. Yaran Allah ya ba su ƙafa."

Ga asalin sunanta, kuma a saurara da kyau, don a kan sunan nan aka kashe ta. Batir kai biyu gare shi, ɗaya mai kauri, ɗaya siriri. Kowace mota da kuka sani, siririn kan ake ɗaure wa a jikin ƙarfenta. Ita ko wannan, haka masu ƙera ta suka halitta ta tun farko, mai kaurin ake ɗaurewa a jiki. Shi ya sa baban yara ya ce bahaguwa ce, da hagu take cin abincinta, wanda ya tilasta mata dama zai ƙone ta. Shekara talatin da huɗu ina riƙe masa fitila, ina miƙa masa sifana, ya ce goma sha uku in miƙa ba tare da na duba ba, don hannuna ya san nauyinta. Ban san alif ba, amma wannan na sani kamar yadda na san sunayen 'ya'yana.

Ina shaida a kanta. Ba ta da munafunci: in za ta lalace sai ta kwana uku tana faɗa. Tana da fushi da safe, ba ta son a tashe ta da gaggawa, a nan mun yi kama. Sai an ja mata ɗan maɓallin nan na cok, an taka totur sau biyu, an jira kamar tsawon gaisuwa, sannan a murɗa makulli. Sai ta ce kirr, kirr, kirr, kamar mai ƙorafi. Sai ta yi tari ɗaya, tuf. Sai kuma ka ji gurrrum, daga can ƙasan cikinta, har kwanukan kicin su amsa. In ta zauna daidai muryarta takan koma bubu-bubu-bubu, a hankali, kamar tsoho mai ba da labari. Hon ɗinta siriri ne, fiim-fiim, bai dace da ita ba sam, baban yara yakan ce muryata ce in ina kiran yara. Shi bai taɓa buɗe mata littafi ba. Dogon sukundireba yake ɗora wa inji, ya kafa kunnensa a ƙotar, ya rufe ido, ya ce, "Fulogi na uku ne." A cire a ga shi ne.

Shekara bakwai ke nan da ya riga mu. Yara kowa ya kama gabansa, na kusa sai ya kwana a hanya kafin ya iso. Gida ɗaki biyar, ɗaya nake buɗewa. In na ajiye cokali sai in ji ƙararsa a ɗakin ƙarshe. To kullum da safe, in na gama abin da zan yi, sai in buɗe gareji, in zauna a kujerar direba in tada ta, in zagayo in shiga tawa kujerar. Ban iya tuƙi ba, ban taɓa sa mata giya ba. Ina zaune, hannuna a cinya, tana bubu-bubu, har allurar zafi ta kai tsakiya, sannan in miƙa hannu in kashe. A nan nake gaya mata wanda ya bugo waya da wanda bai bugo ba, da gwiwata, da abin da likita ya ce. Masu cewa tsohuwa ta fara zarewa sun faɗa, na ji. Duk gidan nan ita kaɗai ce in na taɓa take amsawa.

Ciwon ajali ya soma ne da tari. Sai batir ya riƙa mutuwa kwana biyu bayan an cika shi. Sai warin fetur, na duba na ga kafireta na ɗigo kamar hancin mai mura. Na aika wa abokan baban yara. Biyu sun rasu, ɗaya ido ya tafi, na huɗu ya zo da sanda, ya shafa ta ya yi hawaye ya koma. Sai babban ɗana ya turo mini wani makanike da ake ce wa Injiniya. Mutum ne ya ba arba'in baya, riga fara fat, farcensa ya fi nawa tsabta. Tun daga farcen na yi shakka, na yi shiru don ɗana ne ya aiko shi. Ya zo da wata na'ura mai waya, ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari yana neman ramin da zai soka ta. Na ce ɗan nan, me kake nema? Ya ce inda za ta gaya masa ciwonta. Na ce ai ga shi tana faɗa, kunne ake sa wa.

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "Mama, wannan ta girme ni. Ba na taɓa ta sai da littafin gyaranta."

Ya kwatanta mini shagon wani mai tsofaffin littattafai, a bayan layin masu kayan mota. Na ɗauki hotonta da ke jikin bangon ɗakina, na sa a jaka, na tafi.

Shago ne matsattse, littafi har rufi, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace. Mai shagon yana kan kujera, tabarau a kan hanci, wani a kan goshi, yana karatu. Bai ɗago ba sai da na ƙwanƙwasa teburin da zobena. Na nuna masa hoto. Ya ce, "Kai! Mama, kina da wannan a gida? Mai rai?" Na ce mai rai, tana jinya. Ya hau tsani ya sauko da littafi biyu ya ajiye gabana.

Ɗaya tsoho ne, bangonsa ya tafi, an ɗinke bayansa da zare, gefen takardun ya yi baƙi da yatsun wani makanike da ban sani ba. Ɗayan sabo ne, yana sheƙi, ga jar mota a bangonsa kamar an ɗauki Bahaguwa ranar da ta fi kowace rana kyau.

Ya ce, "Wace shekara aka ƙera ta?"

Na ce ta zo gidanmu ina goyon autata, kuma a lokacin ma ba yarinya ba ce.

Ya yi dariya. "Mama, ai ba a buga littafi da lissafin goyo."

Na ce to ga abin da na sani, ka riƙe shi da kyau: bahaguwa ce.

"Bahaguwa? Ai shi ke nan, kin gama magana." Ya buɗe tsohon ya leƙa, ya ture shi gefe da bayan hannu. Ya buɗe sabon ya leƙa, ya turo mini. "Wannan ne naki."

Bai tambaye ni me nake nufi ba. Tambaya ɗaya ce: "Kamar yaya?" Bai faɗe ta ba, don shafin da yake karantawa na jiransa, kuma wace ce ni da za a tambaya sau biyu?

Ranar Talata Injiniya ya dawo da sabon batir. Ya shimfiɗa littafin a kan bonet, yana lasar yatsa yana buɗawa. Ya duba littafi, ya duba mota, ya sake duba littafi, ya yi tsaki. Ya ce, "Ga ciwon nan. Wanda ya yi wannan haɗin bai san aiki ba, ya juya wayoyin batir."

Wanda ya yi wannan haɗin. A garejinsa, ƙarƙashin ƙusar da rigar aikinsa ke rataye har yau.

Na haɗiye, na ce ɗan nan, ba juyawa aka yi ba, haka take. Mai kaurin ake sa mata a jiki. Bahaguwa ce.

"Mama, babu mota bahaguwa. Duba nan." Ya kawo littafin dab da fuskata, yana nuna mini rubutu da farcen nan nasa, alhali ya san ba na gani sai tururuwa a jere.

Na ce ko bakin wayoyin ka duba, mai faɗi na mai kauri ne, ƙarami na siriri, ba za su shiga yadda kake so ba. Ya ce shi ya sa zai yanke su ya sa sababbi. Na faɗa sau uku, nas tana tsakar gidanta ta ji na ukun, tana nan da ranta. A na ukun ya juyo, da murmushi irin wanda ake yi wa mai zazzaɓi, ya ce, "Mama, je ki huta. Ke kika sayo littafin, ni bin sa nake. Ko kin fi waɗanda suka rubuta shi?"

A nan na yi shiru. Na ce a raina, wataƙila duniya ta canja ban sani ba. Wataƙila na tsufa na rikita. Ga rubutu, ga zane, ga mutum mai takardar shaida, ni kuwa maganar mamaci kaɗai na riƙe.

Ya haɗa. Ya murɗa. Ta ce kirr, kirr. Ta yi tuf. Ta tashi, jama'a, ta tashi! Gurrrum, kamar da. Ya kalle ni ya buɗe hannuwa. Ban kai ga buɗe baki ba na ji muryarta ta sauya, wani siririn kuka, tsiiii, wanda ban taɓa ji ba a shekara arba'in da ɗaya. Sai warin roba. Sai hayaƙi ta bayan sitiyari. Ya kashe makulli, wayoyi ba su daina ci ba. Wuta ta bi su ta gangara har inda kafireta ke ɗigo. Fuu! Shi ya riga ni ƙofa. Ni na kinkimi bokitin yashin da baban yara ya ajiye a lungu, maƙwabta suka shigo da nasu. Kafin a kashe, inji ya tafi, allon agogunanta ya narke, tamfol ya zama toka, jan fentin hancinta ya kumbura ya fashe. Abin da ta faɗa na ƙarshe, tana hucewa, shi ne tak, tak, tak. Nas ta taɓa kafaɗata. Ta saba ganin irin wannan.

Da yamma babban ɗana ya bugo. Injiniya ya riga ya kai masa labari. Bai ce sannu ba. Ya ce, "Inna, me ya kai ki sayen littafi? Ke da ba ki karatu? Da kin bari na aiko." Washegari zancen ya zagaye layinmu: tsohuwa ta sayo littafin wata mota ta ƙone ta mijinta. Har mai shagon kan kwanar layinmu ya yi mini jaje da wannan maganar a bakinsa.

Ban kwanta a kai ba. Na naɗe guntun wayar da ta ƙone a gyale na koma wurin mai littattafai. Na ce sauko mini da tsohon nan. Ya sauko da shi. Na ce buɗe inda aka zana batir. Ya buɗe. Ban buƙaci mai karanta mini ba: ga mai kauri, ga layi ya fito daga kansa ya tafi jikin mota. Na ɗora yatsa a kai. Wani ma ya riga ni, akwai tabon babban yatsa na baƙin mai a daidai wurin.

Ya cire tabarau na hanci ya sa na goshi. Ya ce ashe daga baya masu ƙera ta sun sauya haɗin, sabon littafin na ƙannenta ne da aka yi bayan sauyin. Sannan ya ce, "Amma Mama, ke kika ce bahaguwa. Na ɗauka sitiyari a hagu kike nufi. Tsohon nan hotunansa sitiyari a dama, sabon a hagu." Na ce sitiyarinta a hagu yake, gaskiya ne, amma wa ya yi maka zancen sitiyari? Ya ce shi dai littafi yake sayarwa, ba ya duba. Na tafi wurin Injiniya, ya ce shi abin da aka rubuta ya bi. Kowa ya wanke hannunsa, ruwan wankin ya malalo kaina.

Ranar wanka ba a ɓoye cibiya, don haka ga nawa laifin, nas ta rubuta ko da hannunta na nauyi. Ranar farko a shagon nan, hannuna tsohon littafin ya fara taɓawa. Na ji warinsa, warin hannun baban yara ne in ya dawo aiki. Zuciyata ta ce shi ne. Da mai shago ya ture shi, daɗi na ji, don ina jin kunyar a ga tsohuwa jahila ta ɗauki yagaggen littafi, a ce abin da ta iya ke nan. Na so in shiga layinmu da mai sheƙi a hannu. Wannan ɗaya. Na biyu, shirun da na yi a gareji. Da na kwanta a kan injin nan na ce sai dai ya yanke wayar ta jikina, da tana nan. Waɗannan biyun nawa ne, da su zan kwana da su zan tashi. Amma ban yarda a ɗora mini na uku ba, wai ban san motar mijina ba. Na san ta. Ni kaɗai na san ta a cikin mu ukun.

Marigayiya ta rasu ta bar taya huɗu da safaya, dukkansu da iska. Ta bar jak, da akwatin sifanu wanda goma sha uku ɗinsa ya lashe don aiki. Ta bar tabon mai a siminti, na goge shi shekara da shekaru ya ƙi fita, yanzu na daina. Ta bar wata kyanwa mai ido ɗaya da ke hawa bonet in ya yi ɗumi, tun ranar Talata take zuwa ta shinshina ta juya. Ta bar 'ya'ya biyar da suka yi rigimar wanda zai gaje ta tana da rai, yanzu ba wanda ya tambayi gawar. Ta bar ni.

Ba kuɗi nake nema ba, wanda ya zo da ambulan ya koma da abinsa. Ba sabuwar mota nake so ba, me zan gaya wa sabuwar mota? Magana nake so, a bainar jama'a, da ƙarfi yadda na bayan taro zai ji. Mai littattafai ya ce, "Ta faɗa mini, ban tambaya ba." Injiniya ya ce, "Ta faɗa mini sau uku, ban ji ba." Sannan ya juya ya fuskanci rigar da ke kan ƙusa, ya janye maganar da ya yi a kan mai ita. Shi ke nan. Ba ta kai tsawon atishawa ba.

Za a fitar da gawa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga garejin gidanmu. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da babbar motarsa. Na gaya masa ba za a ja ta da sarƙa ba, ba za a ɗaga ta da ƙugiya kamar naman mahauta ba. Da hannu za a tura ta har bakin titi, a kan tayoyinta. Mai littattafai a baya ta dama, Injiniya a baya ta hagu, ya zo da farar rigarsa. Ni zan riƙe sitiyari. Babban ɗana zai kasance a waya, nas za ta ɗaga ta sama, ya ji da kunnensa. Babu zaman makoki, babu rabon komai. Mai zuwa ya zo da kunne, ya bar nasiha a gida. Wanda zai ce mini "ai ƙarfe ne, a yi haƙuri" ya yi zamansa, na yafe masa zuwan.

In goma ta yi ɗayansu bai zo ba, gawa za ta tafi, ba a jinkirta ta don mai laifi. Amma wanda bai zo mini ba, ni zan je masa. Ina da kujerar roba, ina da laima, ina da guntun wayar nan. Zan zauna a ƙofar shagonsa daga buɗewa har rufewa, duk mai shiga in tare shi in ba shi labari tun daga batir. Kada ya yi zaton zan gaji, ko wani zai zo ya janye ni. In na fita da safe babu mai tambayar ina za ni, in na yi yamma babu mai leƙa ƙofa.

Sanarwa daga matar marigayi makanike, a madadin kanta, don babu wani.